Haƙora 39 da Rairayin Arewacin Gumel

Duk wanda ya saba bin hanyoyin da suka rabu da kwalta a arewacin Gumel ya san yadda mota take kafewa. Amalanken shanu da motocin 'yan kasuwa sun ƙwaƙule sawu biyu, dama da hagu, sun bar tudun rairayi a tsakiya kamar kunyar gero. Tayoyi su faɗa cikin sawun, cikin mota ya hau kunyar ya zauna, daga nan sai haƙa. Sau uku hakan ta same ni a rani ɗaya, ina ɗauke da farantan sola da bututu da famfon da mutanen wani ƙauye suka daɗe suna jira. Aikina ke nan, haɗa rijiyoyin burtsatse da wutar hasken rana, kuma yawancin rijiyoyin suna can inda kwalta ba ta kai ba.

Motata tsohuwar Hilux ce mai injin dizal 2.8, irin wadda aksil ɗin gabanta miƙaƙƙe ne kamar na baya. Tayoyinta na asali 205R16 ne, tsayinsu wajen inci 29. Na cire su na sa 285/75R16 a kan rim masu faɗi, waɗanda suka kusa inci 33, aka kuma ɗaga sifirin don kada su riƙa gogar jikin mota. Ranar da ta fito daga gareji na durƙusa na auna da ɗanina, na ga tulun aksil, wato kumburin da ke tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayar dama da ta hagu, ya ƙara nisa da ƙasa, na ce alhamdulillahi, na rabu da shebur.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, wata Alhamis a ƙarshen Fabrairu, ni da ɗan yayata da ke koyon aiki a hannuna. Kaya ne sosai a baya: faranti goma sha biyu, ƙarafan kafa su, buhunan siminti, bututu, da jarkokin ruwa. Tun kafin mu kai Gezawa ƙafata ta gaya mini akwai abin da ya canza. Motar da nake saki wa kuloci ta tashi da kanta, yau sai na ba ta wuta na lallaɓa ta. Giya ta biyar kuwa ta zama ta ado. Da hanya ta ɗan yi hawa, ko iskar hunturu ta bugo ta gaba, sai injin ya fara nishi, in dawo ta huɗu.

Bayan Gujungu, inda muka tsaya muka sha shayi da ƙosai, yaron ya ɗago wayarsa ya ce, "Kawu, allurar gudun nan fa ba gaskiya take faɗa ba. Ta ce 80, waya ta ce 91." Ban ba maganar muhimmanci ba sai da muka shiga Gumel. Tafiyar da na sani wajen kilomita 120 ce, amma ma'aunin mota ya ƙirga ɗari da 'yan kai kawai. Ashe kowane zagaye ɗaya da sabuwar taya ta yi, tana cin ƙasa wajen mita 2.6, alhali tsohuwar mita 2.3 take ci, kuma ma'aunin bai san an canza masa ƙafa ba.

Daga Gumel muka ɗauki hanyar Maigatari. Ranar kasuwa ce, hanya cike da tireloli masu zuwa ɗaukar shanu, da ƙananan motoci an ɗaure tumaki har saman rufi, can gefe kuma ayarin raƙuma da suka sauko daga Nijar suna tafiya a nitse ba ruwansu da ƙurar kowa. Kafin mu kai garin muka saki kwalta muka yi yamma, ɓangaren da ke kallon Sule Tankarkar. Na sauka na murɗa makullan tayoyin gaba, na sa ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare.

Ƙasar nan ina sonta a wannan lokaci na shekara. Gonaki sun zama fili fetal, sai guntayen karan gero da sabara da kalgo. Kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, shi kuwa gawo, da yake nasa lissafin daban ne, a lokacin yake shar da ganye, awaki na kwance a inuwarsa suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Mun yi tafiya mai nisa a cikin sawun amalanke, cikin mota bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. A nan kam tayoyin sun biya kuɗinsu.

Gab da ƙauyen da za mu akwai wata jigawa mai tsawo da dole a hau. Na san ta. Da tsofaffin tayoyina nakan taho mata da gudu a giya ta uku ta ogzilari, in dai cikin mota bai kama ba, in haye. Na taho mata haka. Ban kai rabi ba injin ya fara mutuwa, baƙin hayaƙi na fita. Na taka kuloci don in koma ta biyu, a cikin wannan ƙiftawar idon rairayi ya riƙe motar cak. Na sa ta ɗaya, tayoyi suka fara haƙa wa kansu rami. Na yi ribas na sake gwadawa, na sake, ina riƙe kuloci rabi da rabi don kada injin ya mutu, har wani wari mai ɗaci ya cika cikin motar, allurar zafi kuma ta haura inda ban taɓa ganinta ba. Rana tana tsaka, rairayi ya yi laushi kamar garin tuwo. Na kashe mota.

Ba a daɗe ba sai ga yara, bayan yara sai ga manya. Aka kawo amalanke biyu aka sauke farantan da simintin, aka ɗaura igiya a wuyan bijimai biyu, samari suka kama baya. A cikin masu kallo akwai wani dattijo mai farin gemu, ya ɗora hannu a kan sanda, bai ce uffan ba sai da ya ga za a fara ja. Sannan ya ce, "Ku dakata. Ɗan nan, rage wa tayoyin nan iska tukuna, sun yi tauri kamar goriba." Na rage su zuwa wajen 18 a ma'aunin iska. Cikinsu ya baje a kan rairayi, aka ja, aka tura, muka haye.

Da dare, bayan mun ci tuwon gero da miyar kuka a ƙofar gidan mai unguwa, dattijon ya zo ya zauna kusa da ni. Ashe tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana bin hanyar Kano zuwa Damagaram. Ya tambaye ni abin da na yi wa motar, na faɗa masa. Ya ce, "Ka ƙara mata tsawon ƙafa. Cinyar fa, ka ƙara mata?"

Na ce, "Baba, ban gane ba."

Ya aiki yaro ya kawo guga cike da ruwa. Ya ce in ɗauka in riƙe kusa da ƙirjina. Na riƙe. Ya ce to in miƙe hannuna gaba ɗaya. Na miƙe, nan da nan kafaɗata ta fara rawa. Ya ce, "Ruwan ya ƙaru ne?" Na ce a'a. Ya ce, "Kafaɗarka ita ce aksil. Hannunka shi ne daga tsakiyar taya zuwa ƙasa. Ka ƙara tsawon hannun, kafaɗa tana nan yadda take. Me kake so ta yi?"

Na daɗe ina karanta lissafin wutar lantarki, amma ban taɓa jin an bayyana ƙarfin juyi da sauƙi irin na wannan daren ba. Daga tsakiyar tsohuwar taya zuwa ƙasa inci 14 da rabi ne, a sabuwar ya zama 16 da rabi. Abin da na samu a ƙarƙashin tulun aksil ke nan, inci 2 kacal, domin rabin ƙarin tsayin yana sama ne inda ba ya amfana mini komai. A kan wannan inci 2 na ba da wajen kashi 12 cikin 100 na ƙarfin da motar ke tura ƙasa da shi, a kowace giya, daga ta ɗaya har ribas. Ga nauyin tayoyin kansu, wanda sai injin ya fara juya shi kafin ya juya kaya.

Da safe, kafin mu fara aikin rijiya, Baba ya dawo da guntun gawayi a hannunsa. Ya sa muka tare tayoyin gaba da itace, muka fitar da giya, muka saki birkin hannu, muka ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak a kan faffaɗan katako. Ya ja layi a jikin tayar, ya kwanta a kan tabarma ya ja wani a jikin farfela, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil. Ya ce wa ɗan yayata, "Juya taya a hankali, zagaye biyu cif, tunda ɗayar tana ƙasa." Yaron na juyawa, Baba na ƙirga da ƙarfi daga ƙarƙashin mota: ɗaya, biyu, uku, huɗu, da ɗan ɗori. "Huɗu da kusan sulusi," in ji shi. Wato 4.30. Farfela sai ta juya sau huɗu da ɗori kafin tayoyin baya su yi zagaye ɗaya.

Lissafin da ya rage mai sauƙi ne, yaron ya buga shi a waya yana tsugune. A ɗauki lambar aksil, a ninka ta da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwa: 4.30 sau 33, a raba gida 29, ya ba da 4.89. Lambar da motar ke bukata ke nan don ta dawo yadda masu ƙera ta suka tsara ta. Da ya juya lissafin kuma sai ya nuna cewa a halin da take ciki, tamkar mai aksil 3.78 ce a kan tsofaffin tayoyi. Irin wannan lamba ta motar gudu ce a kan kwalta ba kaya, ba ta mai ɗaukar siminti a jigawa ba.

Kwana uku muka yi a ƙauyen. Ruwa ya fito ranar Asabar da hantsi, mata suka yi guɗa. Muka dawo Kano a hankali, mota ba kaya, kuloci na zamewa duk lokacin da na matsa mata.

A kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na koyi sauran karatun. A cikin tulun aksil akwai babban faranti mai haƙora wanda kanikawa ke kira kirawun, da ƙaramin da ke juya shi, finiyon. Lambar aksil ba komai ba ce illa haƙoran babban a raba da na ƙaramin. Nawa da aka kwance, 43 ne da 10. Akwai mai 41 da 10, shi ne 4.10. Akwai 41 da 9, shi ne 4.56. Akwai 39 da 8, shi ne 4.88. Har da 37 da 7, wanda ke ba da 5.29. Mai shagon da na je wurinsa ya miƙo mini alli ya ce in ƙirga da hannuna, kada in dogara da abin da aka rubuta a kwali. Na ɗiga alli a haƙori ɗaya na zagaya ina ƙirgawa, sau biyu. Kuma ba a raba su: kirawun da finiyon tare ake goge su tun daga masana'anta, miji da mata ne, in ka haɗa na wannan gida da na wancan ba za su zauna lafiya ba.

Na ɗan yi shawara tsakanin 4.56 da 4.88. Na farkon ya fi sauƙin samu, kuma zai bar injin ya ɗan huta a kan kwalta, amma zai bar ni da gibin wajen kashi 7 cikin 100, ni kuwa kullum da kaya nake. Shi kuma 5.29 ya wuce gona da iri ga taya mai inci 33: injin zai riƙa ihu tun daga Kano har Gumel, kuma finiyon mai haƙora 7 ƙarami ne, bai kai sauran juriya ba. Na tsaya a kan 4.88, wanda ya yi daidai da lissafin yaron kamar an auna.

Inda abin ya yi mini nauyi shi ne da aka ce biyu zan saya. Na tambayi bakaniken da zai yi aikin ko zan iya canza na baya kawai, na gaba ya jira kaka. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya ce, "Alhaji, in ka yi haka, to ka manta da ogzilari." A irin wannan mota, da ka sa tayoyi huɗu su ja, farfelar gaba da ta baya a ɗaure suke, juyi ɗaya suke yi. In gaba tana 4.30 baya tana 4.88, tayoyin gaba za su riƙa neman yin gaba su bar na baya, kamar an ɗaura raƙumi da jaki a garma ɗaya. A rairayi za su yi ta kokawa da juna suna haƙa, a ƙasa mai tauri kuma sai wani abu ya karye, ko haƙori ko shaf ko ƙaramin giyabos. Na sayar da tsofaffin tayoyin da rim ɗinsu, na cika da kuɗin aikin da muka yi, na sayi biyu, da sababbin boris da sil, da farantin kuloci tunda na ƙone wancan.

Kwana biyu na zauna a garejin ina kallo, domin aikin nan ba irin wanda ake ɗaura noti a tashi ba ne. Bakaniken ya zare kan aksil ɗin gaba ɗaya ya ɗora a kan benci. Zurfin da finiyon zai shiga cikin kirawun da wasu siraran zobban ƙarfe ake daidaita shi, waɗansunsu ba su fi kaurin takarda ba. Ya ɗaura, ya shafa shuɗin fenti a kan haƙora huɗu ko biyar, ya juya gaba ya juya baya yana danne farantin da tsumma, sannan ya kawo fitila ya duba inda fentin ya goge. Karon farko shaidar ta fito can bakin haƙori. Ya girgiza kai ya kwance komai. Karo na biyu ta yi zurfi. Sai a na huɗu ta zauna a tsakiyar haƙorin, doguwa kamar ƙwayar dabino. Daga nan ya kafa agogon awo ya girgiza farantin a hankali don ya ga 'yar tazarar da ke tsakanin haƙora. Abin da ake so tsakanin 0.13 da 0.18 na milimita ne. In ta matse, ƙarfe ya yi zafi ya ci kansa. In ta yi sako-sako, aksil ya riƙa kuka yana ƙwanƙwasa. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya ji wani dogon kuka na tashi daga ƙarƙashin kujerar baya yana ƙaruwa da gudu, to sau da yawa daga wannan benci aka yi gaggawa.

Ya zuba man giya mai lamba GL-5, ya kuma kafa mini sharaɗi. Tafiyar farko gajera, in tsaya ƙarfe ya huce. Kilomita 800 na farko ba kaya mai nauyi, ba dogon gudu, sannan in dawo a zubar da man. Na bi. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Wudil da Gaya da Ringim a kan ƙananan ayyuka, ina tsayawa ina taɓa tulun da bayan hannu. Na gaba kuma, tunda ba ya aiki a kwalta, sai na riƙa samun hanyar burji ina sa masa ogzilari don shi ma haƙoransa su saba. Ranar da aka zubar da man, ya fito da ɗan ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, maganaɗisun da ke jikin notin ya tara laushin ƙarfe kaɗan. Bakaniken ya murza a yatsa ya ce lafiya lau, babu gutsure.

Akwai abin da sabon aksil bai gyara ba, kuma gara in faɗa. Birki har yanzu bai kai da ba, domin dogon hannun nan na Baba yana aiki a kan birki kamar yadda yake aiki a kan inji, don haka nakan fara taka shi tun da nisa. Sitiyari ya ƙara nauyi. Shan mai ya ragu daga yadda ta riƙa sha a tafiyar farko, amma bai koma na asali ba. Da yau zan fara, da wataƙila inci 31 zan sa, in bar aksil yadda yake, in riƙa rage iska a rairayi, domin asarar ba ta kai kashi 7 cikin 100 ba. Wanda kuwa ya ƙudura sai 33, ya haɗa kuɗin haƙora biyu da na aiki a cikin kuɗin taya tun kafin ya taka shagon mai taya.

A tsakiyar Afrilu muka koma, za mu ɗora tanki na biyu a ƙauyen. Zafi ya sauka sosai, mangwaro ya cika bakin hanya. Bayan Gujungu yaron ya ɗago waya bai ce komai ba, sai ya juyo mini da fuskarta: allura 80, waya 80. Giya ta biyar ta riƙe har Gumel, da tanki da ƙarafa a baya.

A gindin jigawar na tsaya na rage iska zuwa 18, na murɗa makullan gaba. Rana ta take kamar wancan karon. Na sa ta uku ta ogzilari na taho. Injin ya riƙe muryarsa guda ɗaya tun daga ƙasa, bai sauke ba, ƙafata ta hagu tana ajiye a gefe ba ta taɓa kuloci ba. Rairayi na tashi ta bayanmu, rumbunan ƙauyen suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya ta saman tudun.

Baba yana zaune a gindin gawon da ke kusa da rijiya, inda 'yan mata suka jera jarkoki. Ya taso da sandarsa, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida da gajiyar hanya. Sannan ya zagaya bayan motar ya sunkuya ya ɗora bayan hannunsa a kan tulun aksil, ya ɗan jima.

"Nawa ka sa mata?"

"39 da 8, Baba."

"Gaba da baya?"

"Gaba da baya."

Ya gyaɗa kai ya miƙe. "Tun kana gindin tudu na ji ta. To, ku sauke tankin nan kafin la'asar, matan unguwar gabas sun fara zuwa nan ɗiban ruwa, guda ɗaya ba ya isa."